Filin Makanikai: Haƙoran Sufuroket, Ƙarfin Ja da Gudun Babur

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a wuri guda suka haɗu, wato kan sufuroket, faifan nan mai haƙora da sarƙar babur ke hawa, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Assalamu alaikum. Ina acaɓa da Boxer a cikin garin Gombe. Makanikena ya ce in sa sufuroket na gaba mai haƙora 15 a maimakon 14, wai zai ƙara gudu ya rage shan mai. Wani abokin sana'a kuma ya ce 13 ya fi, don babur ya riƙa fizga. Wa zan bi? Daga wani ɗan acaɓa, Pantami.

Wa alaikumus salam. Kowannensu ya gaya maka ribar, ya ɓoye maka kuɗin da za ka biya. Kafin ka bi kowa, kafe babur ɗin, ka cire murfin sarƙa, ka yi wa haƙori ɗaya alama da alli, ka ƙirga na gaba da na baya. Sau da yawa adadin yana buge a jikin ƙarfen, kamar 14T ko 42T, sai dai giris da ƙura kan rufe shi, kuma babur ɗin da ya sha hannu ba lallai ne abin da ke jikinsa ya zama na kamfani ba.

Lissafin bai da wuya. Raba haƙoran baya da na gaba. A ce ka samu 42 a baya, 14 a gaba, amsa 3 ke nan: sai ƙaramin ya zagaya sau 3 kafin tayar baya ta zagaya sau ɗaya. Idan wannan lamba ta ƙaru, ƙarfin ja ya ƙaru, inji ya ƙara juyi, gudu ya ragu. Idan ta ragu, akasin haka. Da 15 a gaba za ka samu 2.80, ragin kusan kashi 7 cikin 100. Da 13 za ka samu 3.23, ƙarin kusan kashi 8. Wannan canji ba giyar ƙarshe kaɗai yake taɓawa ba, daga giya ta ɗaya har ta huɗu kowacce sai ta ji a jikinta.

Mu ɗauka injinka yana juyi 6,000 a minti lokacin da kake tafiyar kilomita 60 a awa a giyar ƙarshe. Ka sa 15, juyin ya sauko 5,600 a wannan gudun, ƙara ta ragu, girgizar hannu ta lafa. Ka sa 13, juyin ya haura wajen 6,460, babur ya riƙa tashi da zafi, amma ya yi ta ihu tun bai je ko'ina ba, kai kuma ka yi ta neman giya ta biyar da babu ita. Injin dai shi ne na jiya, ko ɗigon ƙarfi sufuroket bai ƙara masa ba. Abin da ka samu a gudu daga ƙarfin ja aka cire shi, taura biyu ba ta taunuwa.

Aikinka na cikin gari ne: tsaya nan, ɗauki fasinja, sauke can, kauce wa Keke Napep, hau tudun rage gudu, wani lokaci da goyon mutum biyu. A irin wannan aiki 15 wahala zai ba ka. Duk tashi sai ka daɗe riƙe da rabin kuloci, kuma inda kake wucewa da giya ta uku sai ka koma ta biyu. Man da aka ce za ka rage a nan zai tafi. Wanda 15 ke yi wa rana shi ne mai tafiya shi kaɗai a doguwar kwalta, irin mai zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai. Shi kuwa 13 ba mu cika son sa ba ko ga mai neman ƙarfi, saboda sarƙa tana lanƙwasa sosai a kan ƙaramin faifai, haƙoran da ke raba nauyin sun ragu, sai ya cinye da wuri ya tafi da sarƙar. Mai son ƙarin ja gara ya nema a baya. Kai dai ka zauna a 14.

Idan zancen man ne ya tsaya maka a rai, gwada da kanka. Cika tanki har baki, rubuta lambar kilomita, yi aikinka na kwana uku, sake cikawa har baki, ka raba tafiyar da litar da ta shiga. Yi haka da kowane sufuroket a hanya iri ɗaya, sannan ka yanke hukunci.

Ni manomi ne, da babur nake ɗauko buhunan masara da wake daga gona, kuma hanyarmu hawan dutse ce. In na yi lodi sai babur ya mutu a tsakiyar hawa ko kuloci ya yi ta warin ƙuna. Na baya 42 ne. Me zan canza? Daga wani mai karatu, Tula.

Duk wanda ya san kwanoni da hawan Tula ya san ba gudu kake nema ba. Kai ne ainihin wanda canjin sufuroket zai amfana. Bar na gaba a 14, ka nemi na baya mai 45. Lambarka za ta tashi daga 3 zuwa 3.21, ƙarin ƙarfin ja kashi 7 cikin 100 a kowace giya. Inda kake samun kilomita 60 a awa za ka samu 56 da juyin inji iri ɗaya, asarar da ba za ka ma lura da ita ba a hanyar gona. Ka ga haƙori uku a baya daidai yake da haƙori ɗaya a gaba, shi ya sa na baya ya fi daɗin saiti, ana iya ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Abubuwa uku za ka duba kafin ka biya kuɗi. Ka tafi shago da tsohon a hannu, ka ɗora shi kan sabon, ka tabbata ramin tsakiya da ramukan noti sun hau daidai. Kada ka yarda a ce maka za a ɗan fafe ramin da fayil, domin faifan da bai zauna a tsakiya ba zai riƙa ɗaure sarƙa a gefe guda yana sake ta a ɗaya gefen duk juyi. Na biyu, tsawon sarƙa. Kowane haƙori da ka ƙara yana jawo tayar baya gaba da kimanin milimita 3, uku ke nan kusan santimita ɗaya. Idan saitin taya ya riga ya kai ƙarshen gaba, sai ka sayi sarƙar da ta fi taka da gaɓa biyu, don bibbiyu ake ƙara su. Na uku, murfin sarƙa. Haƙori uku suna ƙara wa faifan faɗin milimita 12, wasu murafan na ɗauka, wasu sai ka ji sarƙa na gugar su. A gwada kafin a ɗaure.

Amma warin ƙunar da ka ambata yana nuna farantan kuloci sun riga sun taɓu, kuma sabon sufuroket ba zai warkar da su ba. Gwajinsa: kana giya ta uku a tudu, ka murɗa totur, in inji ya ɗaga murya amma babur bai ƙara sauri ba, kuloci na sulɓewa. A canza farantan, a duba sifirin ɗinsu, a bar wa hannun kuloci wasa na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. A kuma lura da man da ake zubawa. Kulocin waɗannan babura a cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi sulɓewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa.

Wajen hawa, shiga giya ta ɗaya ko ta biyu tun kana gindin tudun, ka saki kuloci gaba ɗaya. Canza giya a tsakiyar hawa da lodi shi ke kashe inji. Wajen gangara kuma kada ka sa firi ko ka kashe inji don tsimin mai. Bar shi a giya inji ya taya ka riƙewa, domin birkin ganga in ya yi zafi kamawarsa raguwa take. Ka kuma sani sufuroket ja kawai ya ƙara maka. Birki da taya da sifok suna nan yadda kamfani ya yi su, ba su san ka canza komai ba, don haka sawu biyu ya fi buhu uku a tashi ɗaya.

Na cire 42 na sa 36 a baya don in riƙa wuce abokaina a hanyar Dass. Yanzu abin mamaki a giya ta uku na fi gudu, in na sa ta huɗu sai babur ya yi sanyi, ko iska ce ta taso sai ya ja baya. Ko an sayar mini da jabu ne? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

Ƙanenmu, ba jabu ba ne, faifan ya yi aikin da aka ƙera shi ya yi. Kai ne ka ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa. Daga 14 da 42 ka koma 14 da 36, lambarka ta faɗo daga 3 zuwa 2.57, ragin sama da kashi 14 cikin 100. A takarda, mai gudun 80 ya kamata ya koma 93. A kan titi kuwa akwai iska.

Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba. Ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninku sau huɗu, ƙarfin da inji ke bukata don ya keta ta kuma ya ninku sau takwas. Daga 80 zuwa 90 kawai, sai an samu ƙarin ƙarfi wajen kashi 40 cikin 100. Injin cc 100 duk ƙoƙarinsa ƙarfin doki 8 ne ko kusa da haka, kuma ba ya ba da shi sai juyinsa ya kai wajen 7,500 a minti. Da can a gudun 80 injinka yana can sama inda ƙarfinsa yake. Yanzu a wannan gudun juyinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin bakwai, ya faɗo ƙasa da inda yake da ƙarfi, ba shi da abin da zai tura kansa ya hau. Giya ta uku ce ta koma kusa da tsohuwar ta huɗunka, shi ya sa ka ga ta fi gudu.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. Inji yana nishi a ƙaramin juyi, totur a buɗe har ƙarshe, zafi ke nan yake tarawa, ga shi iska kaɗai ke sanyaya shi, ga zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu. Za ka fara jin ƙwanƙwasa daga ciki, wadda fistin da boris ɗin konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, ke shan wahalarta. Shan mai kuma ya fi na da.

Mayar da 42. In lallai kana son inji ya ɗan huta a doguwar hanya, 40 ya isa, ragin kashi 5 ne. A ganinmu, ƙaramin inji irin wannan bai kamata a nisanta shi daga saitin kamfani da fiye da kashi 7 ko 8 ba, ta kowane ɓangare. Ga yadda ake gane ko babur na da sararin rage haƙora: a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da nauyin da ka saba ɗauka, in a giyar ƙarshe inji ya kai ƙarshen muryarsa alhali totur bai ƙare ba, akwai sarari. In totur ya ƙare inji bai kai ƙarshen murya ba, babu. Batun tsere a hanyar da manyan motoci da shanu ke bi kuwa, ba mu da sufuroket ɗin da za mu ba ka shawara a kai.

In na canza sufuroket, mitar gudu za ta riƙa yi mini ƙarya? Daga Azare.

Bi wayar mitar ka ga inda ta nufa. A yawancin ƙananan baburan da ke yawo a nan, tayar gaba take zuwa, don haka ba ruwanta da sufuroket. Wasu manyan babura daga akwatin giya suke karanta gudu, su ne mitarsu ke kaucewa daidai da kason da aka canza, har da lissafin kilomita. Manhajar GPS ta waya za ta nuna maka gaskiya.

Ina da babura biyu da na ba yara suna aiki suna kawo balas. Kusan duk bayan 'yan watanni sai sun zo karɓar kuɗin sarƙa. Na ce a riƙa canza sarƙar kaɗai a bar sufuroket tunda ƙarfe ne. Shin cuta ta ake yi, ko haka abin yake? Daga wata Hajiya, Bolari.

Hajiya, mai yiwuwa ba cutar ki ake yi ba, tsimin ne ke jawo miki kashe kuɗi. Sarƙa da faifan biyu tare suke cinyewa, kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. In aka ɗora sabuwar sarƙa kan tsofaffin haƙora, nauyin duka kan gaɓa biyu ko uku yake sauka, nan da nan ta lalace. Saiti ake saya, uku a haɗe.

Ki sa a kawo miki baburan gida, ba sai kin dogara da bakin kowa ba. Dubi haƙoran: sabon haƙori kansa a ɗan shafe yake, gefensa biyu iri ɗaya. Wanda ya ƙare ya yi tsini, ya karkata gefe guda kamar ƙugiya. Sai a kama sarƙar a can bayan babban faifan a ja ta waje. In ta ɗago har aka hango rabin haƙori, ta gama aiki. In kina son awo, sarƙa mai lamba 428 ko 420 tsakanin fil da fil, wato ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta, milimita 12.7 ne, gaɓa 20 ke nan milimita 254, inci 10 cif. A miƙar da ita, a ƙirga fil 21, a auna daga na farko zuwa na ƙarshe. Ta kai 259, a sauke ta. Ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, fil ɗin da ramukansu ne yashi ya cinye, shi ya sa yanke gaɓa biyu da wasu makanikai ke yi bai gyara komai, tazarar gaɓoɓin da suka rage ta riga ta fi ta haƙoran. Juya faifai a yi amfani da ɗaya gefen ma dabarar kwana biyu ce.

A kula da lamba wajen saye. 420 da 428 tazararsu ɗaya, amma 428 ta fi faɗi da kauri. Sarƙar 420 ba ta zama a faifan 428, ita kuma 428 a kan faifan 420 sai ta yi ta wasa gefe da gefe.

Abin da ya fi kashe sarƙa a garin nan shi ne cire murfi. Yara na cire shi wai yana ƙara, alhali sarƙar ce ta saki take dukan sa. Da an cire, ƙurar hunturu da yashin damina sun samu ƙofa. Ki sa sharaɗi murfi ya zauna. Duk tafiyar kilomita 500 ko makamancin haka a wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga mata man giya mai lamba 90 ta ciki, a goge rarar. Giris mai kauri a buɗaɗɗiyar sarƙa yashi yake tarawa, baƙin man da aka juye daga inji kuwa ya tsinke, ga garin ƙarfe a ciki. Sai ɗauri: a tsakiyar sarƙar ta ƙasa ya kamata ta yi wasan milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa, sai in littafin babur ya faɗi wani abu daban. Wadda aka ɗaure tamau ta fi sakakkiya ɓarna, don takan ci boris ɗin da ke bayan ƙaramin sufuroket, mai ya fara tsiyaya ta wurin, gyara ya koma na buɗe inji.

Na sa babbar taya a baya, sai na ji babur ya yi nauyin tashi. Akwai alaƙa? Daga Bajoga.

Akwai. Taya mai tsayi tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya, daidai da rage haƙora a baya. Daga 2.75-17 zuwa 3.00-17 bambancin kusan kashi 2 ne cikin 100, wajen haƙori ɗaya. In rim ɗin ne ya tashi daga 17 zuwa 18, ya kai kashi 4, wajen haƙori biyu, sai ka rama da ƙarin biyu a baya. In nauyin ya fi haka, duba iskar taya, ka kuma juya ta da hannu ka ji ko birki na kamawa.

Ina koyon gyaran babur. Ina so ku faɗa mini yadda ake ɗaura sabon saiti daga farko har ƙarshe, da inda ake yawan kuskure. Daga wani yaron gareji, Kumo.

Madalla da mai tambaya. Kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya, kashe inji, zare makulli. Fara sassauta notocin ƙaramin sufuroket tun tsohuwar sarƙa na jiki, babur a giya, wani ya taka maka birkin baya. In ka riga ka cire sarƙa, sandar da faifan ke zaune a kanta za ta yi ta juyawa ba abin da zai riƙe ta. A yawancin ƙananan babura wani ɗan faranti ne ke riƙe da shi da ƙananan ƙusoshi biyu masu kan sufana 10. Wajen mayarwa sai ka zura farantin, ka ɗan juya shi ya shiga tsagin sandar, ramuka su haɗu, sannan ka ɗaure. Ƙusoshin ba sa son ƙarfi, suna tsinkewa. Ka duba tsagogin sandar ma, in sun cinye, sabon faifai zai yi ta kaɗawa.

A baya, in ka sauke taya, leƙa robobin da ke cikin cibiyarta. Su ke shanye fizgar inji, in sun rududduge za ka ji "kas" duk sakin kuloci ko da komai sabo ne. Ɗaure notocin babban faifai a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ka lanƙwasa kunnuwan washa su riƙe su. Wajen kulle sarƙa, rufaffen kan kilif ɗin da ke riƙe gaɓar haɗi shi ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. In ka juya shi, ranar da bakin ya taɓa wani abu zai fice, sarƙa ta zube a titi ko ta naɗe a taya.

Saita ɗauri da notocin gefe biyu daidai wa daida, kana duba zanen alamar da ke kowane gefe, in ba haka ba taya ta karkace, haƙora su cinye ta gefe guda. Juya tayar a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi ɗaurewa, a nan ake auna wasa. Ɗaure babban notin taya, ka sake aunawa, sannan mai babur ya hau ka tabbata da sauran wasa.

Inda aka fi mantawa shi ne birkin baya. Tunda taya ta matsa gaba ko baya, sandar birki ta canza tsawo, ko dai ya kama da kansa ko a taka a ji wayam. Saita notinsa, ka duba fitilar birki na kamawa. Ka gaya wa mai babur ya dawo bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200, domin sabuwar sarƙa takan ɗan saki a farko. Kuma ko maigidanka na yi, kai kada ka goge sarƙa da tsumma inji na aiki a giya. Da hannu ake juya tayar, ta yadda sarƙar ƙasa ke fitowa daga babban faifai, ba shiga ba.